Yankan sirdi

Yankan sirdi wani nau'in yanka ne da ake yi wa bakin bututun ƙarfe domin ya zauna daram a jikin wani bututun, ko a bayan gwiwar bututu, kafin a haɗa su da walda. Bakin da aka yi wa wannan yanka yana hawa yana sauka gwargwadon lanƙwasar abin da zai zauna a kai, kamar yadda sirdi ke bin bayan doki, kuma daga nan sunan ya samo asali. Ana kuma kiransa bakin kifi, saboda kamarsa da bakin kifi a buɗe.

Domin a san inda za a yanka, ana zana layin yankan a kan shimfiɗaɗɗiyar takarda, a naɗa ta a jikin bututun, a bi gefenta da alli. Wannan takarda ita ce samfurin yanka. A da ana zana ta da hannu, amma yanzu an fi fitar da ita daga manhajojin zanen injiniya na kwamfuta, waɗanda aka sani da CAD. Haɗin bututu da gwiwa yana cikin mafi wuya a wannan fanni, domin jikin bututu yana shimfiɗuwa ba tare da kuskure ba, jikin gwiwa kuwa ba ya shimfiɗuwa. Saboda haka bututun da zai hau ake yi wa samfuri, ita gwiwar kuma aikinta a zane shi ne ta nuna inda layin zai bi.

## Inda ake amfani da shi

Ana samun yankan sirdi a matatun mai, tashoshin wutar lantarki, masana'antun sinadarai, jiragen ruwa da layukan ruwan sha. Ana kuma yin sa a ginshiƙan da aka ƙera da bututu, da firam ɗin keke, da makarin matakala.

A kan gwiwa, an fi yin sa don dalilai biyu. Na farko shi ne ƙafar tallafi: guntun bututu ne da ake waldawa a bayan gwiwa domin ya ɗauki nauyin layin ya sauke shi a kan ƙarfe ko a ƙasa. Ba a huda gwiwar, kuma babu abin da ke gudana a cikin ƙafar. Na biyu shi ne reshe na gaske, inda ake huda gwiwar domin ruwa, tururi ko gas ya bi ta sabon bututun, ko domin a saka na'urar auna zafi.

A duka biyun, ingancin waldar ya dogara ne da yadda bakin ya zauna. Idan giɓi ya yi yawa a wani gefe, sai an cika shi da ƙarfen walda mai yawa, zafi ya ƙaru, haɗin ya karkace. Idan babu giɓi sam a inda ake buƙatarsa, waldar ba ta shiga har tushe. Irin wannan haɗi yana iya tsagewa a layin da ke jijjiga ko yake zafi yana sanyi.

## Siffar bututu da ta gwiwa

A ilimin lissafin siffofi, jikin miƙaƙƙen bututu silinda ne. Ya lanƙwasa ta fuska ɗaya kawai, don haka idan aka tsaga shi a tsaye za a iya baje shi kamar yadda ake warware naɗaɗɗiyar tabarma, ba tare da wani tsawo ya ƙaru ko ya ragu ba. Mazurari ma yana da wannan hali.

Gwiwa kuwa yanki ce na siffar da ake kira toros, wato siffar awarwaro ko tayar mota. Gwiwa mai digiri 90 kashi ɗaya ce cikin huɗu na wannan zobe. Ta lanƙwasa ta fuska biyu a lokaci guda: ta kewayen bututun da kuma ta kwanar da ta sha. Irin wannan jiki kamar ƙwarya yake, ba ya kwanciya a ƙasa sai ya fashe ko ya miƙe. Takardar da aka naɗa a bayan gwiwa dole ta yamutse ko ta yage.

Girman gwiwoyin da ake waldawa yana bin ƙa'idar ASME B16.9 ta ƙungiyar injiniyoyin kanikanci ta Amurka. A gwiwa mai doguwar kwana, rediyos ɗin kwanar, wato tazarar da ke tsakanin cibiyar kwanar da tsakiyar bututun, ninki ɗaya da rabi ne na girman sunan bututun. A mai gajeriyar kwana kuwa ninki ɗaya ne. Girman suna ya bambanta da ainihin faɗin bututu. Bututun da ake kira mai inci 4 faɗinsa na waje milimita 114.3 ne, mai inci 6 kuma milimita 168.3. Sai daga inci 14 zuwa sama ne sunan ke daidai da faɗin waje.

## Tarihi

Leonhard Euler ya wallafa bincike a 1772 kan jikunan da za a iya bajewa a shimfiɗe. Masanin lissafi ɗan Faransa Gaspard Monge (1746–1818) ya tsara hanyar nuna abu mai kauri ta hanyar zane biyu, na gaba da na sama, da kuma gano layin da jiki biyu ke haɗuwa. Ya fara wannan aiki a makarantar injiniyoyin soja ta Mézières, inda aka daɗe ana riƙe hanyar a matsayin sirrin soja, kafin littafinsa ya fito a 1799. A 1827 Carl Friedrich Gauss na Jamus ya tabbatar da cewa akwai wani ma'aunin lanƙwasa da ba ya canzawa idan aka tanƙwara jiki ba tare da an miƙar da shi ba. Wannan ma'auni sifili ne a silinda da kuma takarda, amma ba sifili ba ne a mafi yawan jikin toros, kuma shi ne dalilin da ya sa gwiwa ba ta shimfiɗuwa.

Maƙeran tukwanen tururi da masu aikin farantin ƙarfe sun yi amfani da hanyar Monge tsawon ƙarni na 19 da na 20. Zane da kwamfuta ya fara bayyana da Sketchpad na Ivan Sutherland a 1963. Kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD a 1982 tare da tsarin fayil na DXF, wanda har yanzu ake tura samfuri da shi zuwa injinan yanka. SolidWorks ya biyo baya a 1995, Autodesk Inventor kuma a 1999.

## Hanyar zanen hannu

A hanyar hannu, ana raba da'irar bututun da zai hau gida 12 ko 16 daidai wa daida. Daga kowane ɗigo ana ja layi a tsawon bututun har ya taɓa jikin abin da zai zauna a kai, sai a auna tsawonsa. Daga nan a ja dogon layi mai tsawon kewayen bututun, a raba shi gida-gida kamar yadda aka raba da'irar, a tsayar da kowane tsawo a mazauninsa, a haɗa kawunansu da lanƙwasasshen layi.

A kan gwiwa akwai ƙarin mataki. Ɗigon da ya kauce daga tsakiya zuwa gefe ba ya sauka a ƙololuwar bayan gwiwar. Yana sauka ne a wata kwana mai ƙaramin rediyos. Don haka kowane ɗigo sai an zana masa tasa kwanar daga cibiyar gwiwar, sannan a ga inda layinsa ya yanke ta.

## Lissafi da misali

Idan bututu mai rediyos r ya hau miƙaƙƙen bututu mai rediyos R a tsaye, zurfin yankan a kowace kusurwa θ ta kewayensa shi ne:

h = R − √(R² − r² sin²θ)

Idan kuma ya hau bayan gwiwa mai digiri 90, tsakiyarsa tana kan layi ɗaya da tsakiyar ɗaya daga bakunan gwiwar, kuma C shi ne rediyos ɗin kwanar, to tazarar da ke tsakanin wancan bakin gwiwar da wurin taɓawa ita ce:

z = √[(C + √(R² − r² sin²θ))² − (C + r cos θ)²]

A nan ana fara ƙidayar θ daga gefen da ya fi nisa da cibiyar kwanar.

A ɗauki ƙafar tallafi mai inci 4, mai kaurin bango milimita 6.02, a kan gwiwa mai inci 6 mai doguwar kwana. C zai zama milimita 228.6, R milimita 84.15, rediyos ɗin cikin ƙafar kuma milimita 51.13. Sakamakon shi ne:

- digiri 0: milimita 139.9
- digiri 45: milimita 150.6
- digiri 90: milimita 187.1
- digiri 135: milimita 236.1
- digiri 180: milimita 257.5

Daga digiri 180 zuwa 360 adadin yana maimaita kansa a juye. Inda z ya yi ƙanƙanta, nan ƙafar ta fi tsawo, domin sai ta yi nisa kafin ta taɓa gwiwar. Bambancin wuri mafi tsawo da mafi gajarta ya kusa milimita 118. Da a ce wannan bututu miƙaƙƙen bututu mai inci 6 ya hau, zurfin yankan ba zai wuce milimita 17.3 ba, kuma layin zai yi tudu biyu da kwari biyu. A kan gwiwa kuwa dogon harshe ɗaya ne a gefe guda da gajeren dunduniya a ɗayan.

Wani lokaci ana gusar da ƙafar daga tsakiya, misali domin ƙasanta ya yi daidai da ƙasan babban bututun su zauna a kan ƙarfe ɗaya. Idan an gusar da ita zuwa gefen gwiwar, rabin dama na samfurin ba zai yi daidai da rabin hagu ba, kuma dole a lissafa kewayen gaba ɗaya.

## Kaurin bango

Bangon bututu yana da leɓe biyu, na ciki da na waje, kuma kowanne yana da nasa layin haɗuwa da gwiwar. A misalin da ya gabata, idan aka yi lissafin da rediyos na waje, milimita 57.15, adadin digiri 0 zai koma 127.1 maimakon 139.9, na digiri 180 kuma 261.6 maimakon 257.5. Ma'anar wannan ita ce, idan aka yanke bangon a miƙe, leɓen ciki ne ke fara taɓa gwiwar a wajen harshe, leɓen waje kuma a wajen dunduniya. Wanda ya yanka bisa layin waje kaɗai zai tarar harshen ya yi tsawo da kusan milimita 13, ya ɗaga ƙafar, ya bar giɓi a sauran kewayen.

Saboda haka mai zane yana fara yanke shawarar yadda haɗin zai kasance. A haɗin da bututu ke zama a kan gwiwa, an saba bin layin ciki, sannan a fere leɓen waje domin a buɗe wa walda hanya. A haɗin da bututu ke shiga cikin ramin da aka huda, faɗinsa na waje ne ke ƙayyade girman ramin. Kusurwar da ke tsakanin bangon bututun da jikin gwiwar tana canzawa a kewayen haɗin, don haka ferewar ma ba ta zama iri ɗaya a ko'ina.

## Tsarawa a manhajar CAD

Sunayen umarni sun bambanta daga manhaja zuwa manhaja, amma matakan kusan ɗaya ne.

1. A gina gwiwar ta hanyar juya da'ira mai faɗin waje na gwiwar a kewayen cibiyar kwanar har digiri 90.
2. A ja layin tsakiyar bututun da zai hau, a mazauninsa da kusurwarsa, a gina silinda a kansa har ya kutsa cikin gwiwar.
3. A umarci manhajar ta fitar da layin haɗuwar jikin biyu, ko ta datse silindar da fatar gwiwar.
4. A tsaga silindar da siririn tsagi a tsawonta, domin rufaffen zobe ba ya warwaruwa. An fi sanya tsagin a wuri mafi gajarta ko a gefe, inda layin ba shi da kaifin lanƙwasa.
5. A shimfiɗa jikin, a ƙara layukan tsakiya, a fitar da shi a fayil na DXF ko PDF.

Matsalar da aka fi cin karo da ita tana tasowa ne a mataki na uku. Idan aka gina bututun da cikakken kaurinsa aka cire gwiwar daga jikinsa, fuskar yankan tana fitowa a karkace, tana bin jikin gwiwar. Sashen farantin ƙarfe na manhajojin yana buƙatar kowane gefe ya tsaya a miƙe bisa fuskar farantin, don haka yakan ƙi shimfiɗawa, ko ya fitar da layi biyu kusa da juna. Maganin da aka saba shi ne a yi aiki da fata ɗaya marar kauri, ta ciki ko ta waje, a datse ta, sannan a ba ta kauri daga baya. SolidWorks da Inventor suna shimfiɗawa ta sashensu na farantin ƙarfe, Rhinoceros yana da umarnin UnrollSrf na jikunan da ke shimfiɗuwa, FreeCAD kuma, wadda kyauta ce, tana da ƙarin sashe na wannan aiki.

## Faɗin samfuri

Idan ana lanƙwasa faranti, fuskarsa ta waje tana miƙewa, ta ciki tana matsewa, kuma a tsakani akwai layin da tsawonsa ba ya canzawa. Manhajojin suna nuna mazaunin wannan layi da wani adadi mai suna K, daga 0 a fuskar ciki zuwa 1 a fuskar waje. Idan za a yanke faranti ne a naɗe shi ya zama bututu, adadin da ya dace yana kusa da 0.5. Idan kuwa takarda za a naɗa a bayan bututun da aka riga aka ƙera, kewayen waje ake buƙata, wato K ya zama 1.

A bututu mai inci 4 na misalin nan, kewayen waje milimita 359.1 ne, na tsakiyar bango 340.2, na ciki kuma 321.3. Samfurin da aka fitar da K na 0.5 zai gaza haɗe bakinsa da kusan milimita 19 idan aka naɗa shi a waje. Samfurin da ya dace yana ɗaukar tsayinsa daga layin da aka zaɓa, sau da yawa na ciki, faɗinsa kuma daga kewayen waje. Kaurin takardar ma yana shiga lissafi: kwali mai kaurin milimita 1 yana buƙatar ƙarin tsawo na kusan milimita 3.

Wajen bugawa, dole girman ya kasance ɗaya bisa ɗaya, a kashe zaɓin da ke rage zane ya shiga shafi. Masu zane kan sanya layi mai tsawon milimita 100 a gefe domin a gwada shi da ma'auni bayan bugawa. Samfurin bututu mai inci 4 yana shiga takardar A3, mai milimita 297 da 420. Manyan bututu suna buƙatar babban injin bugu ko a haɗa shafuka da alamomin daidaitawa.

## Ramin jikin gwiwa

Tun da gwiwa ba ta shimfiɗuwa, babu samfurin takarda da zai ba da ramin jikinta ba tare da kuskure ba. Wasu manhajoji suna da umarnin baje irin wannan jiki, kamar Squish a Rhinoceros, amma suna yin haka ne ta hanyar miƙar da wani wuri da matse wani, don haka sakamakon kimantawa ne. Kuskuren ƙarami ne idan ramin ƙarami ne, yana kuma girma tare da shi. A wurin aiki an fi fara yanke bututun, a ɗora shi a mazauninsa, a zana kewayensa a jikin gwiwar, sannan a huda.

## Yanka da haɗawa

Kafin a naɗa samfurin, ana ja layuka huɗu a tsawon bututun, kowanne digiri 90 daga ɗan'uwansa, a daidaita su da layukan tsakiya na takardar. Bayan an zana layin, ana buga masa ɗigo-ɗigo da ƙusar alama domin kada zafi ya share shi. Ana yanka da wutar gas, da filasma, ko da injin yankan ƙarfe na hannu. Wutar gas ta yau da kullum tana yanka ƙarfe na gama-gari, amma ba ta dace da ƙarfen da ba ya tsatsa ba. Kowace hanya tana cin wani faɗi na ƙarfen, don haka ana bin layin ta gefen da za a yar. Manyan masana'antu suna da injinan da kwamfuta ke sarrafawa, waɗanda ke juya bututun suna yankawa suna ferewa a lokaci guda ba tare da takarda ba.

Gwiwar da ke cikin kwamfuta cikakkiyar toros ce, ta hannu kuwa ba haka take ba. An fi tsaurara awonta a bakunanta biyu, tsakiyarta tana iya ɗan kumbura ko ta ɗan baje. Ƙa'idojin bututu da yawa sun yarda bango ya gaza kaurin suna da kashi 12.5 cikin ɗari. Don haka ko samfurin ya yi daidai, akan gwada zaman bakin, a goge inda ya tokare, kafin a ɗaure shi da ɗigon walda.

## Ƙa'idoji

Samfuri yana ba da siffar yanka ne kawai, ba ya nuna ko haɗin zai jure. Huda jikin bututu mai matsi yana rage ƙarfinsa, kuma ƙa'idojin ASME B31.1 na tashoshin wuta da B31.3 na masana'antu sun tanadi lissafin mayar da ƙarfen da aka cire, ko ta kaurin bango ko ta ƙarin faranti a kewayen reshen. A wurare da yawa an fi son a yi amfani da ƙerarren mahaɗi da aka yi musamman don bayan gwiwa maimakon a walda reshe kai tsaye. Ƙafar tallafi kuma tana rage sassaucin gwiwar, abin da injiniyan da ke lissafin matsin layi yake la'akari da shi. Akan huda mata ƙaramin rami domin iska mai zafi ta fita yayin walda, kuma idan ruwa ya taru a cikinta yana iya cinye bayan gwiwar da tsatsa a inda ido ba ya gani. Ga gine-ginen da aka ƙera da bututu, ƙa'idar AWS D1.1 ta ƙungiyar masu walda ta Amurka ta yi bayanin haɗe-haɗe masu siffar T, Y da K.

## Duba kuma

- Walda
- Zanen injiniya
- AutoCAD
- Gaspard Monge